Ruwan Goggo Gherghina

Rovina, Oktoba 2002

Rodica 'yata,

Allah ya taimaka. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya. Ni dai ƙalau nake, in ban da gwiwar hagu da ta zama boka, tun ruwa bai haɗo ba take gaya mini yana tafe. Akuya lafiya, kaji lafiya, sai dai yanyawa ta ɗauke zakaran. An gama tsinkar inabi, kuma ni kaɗai na tsinke, da wa zan yi? A layinmu yanzu gida uku ne ke fitar da hayaƙi: nawa, na Saveta, da na Fada Ilarie. Sauran duk kwaɗo ne a ƙofa, masu gidan suna Sifen ko Italiya suna yi wa tsofaffin wasu wanka. Ba gori nake miki ba, na san ba don daɗi kika tafi ba.

Tsoho Pavel mai injin niƙa ya rasu a watan jiya. 'Ya'yansa huɗu, babu wanda ya zo, aikowa suka yi a yi komai. An yi sadaka, an ci an sha, amma da aka zo maganar ruwa sai aka rasa mai ɗauka. Kin san yadda ake yi, kwana arba'in ana ɗebo ruwa a rijiya ana kai wa maƙwabta da sunan mamaci don kada ƙishirwa ta kama shi a hanya, kuma jininsa ne ya kamata ya ɗauka. Ƙarshenta wata mata aka yi haya daga ƙauyen gaba. Rabin bokiti take ɗebowa, tana tafe tana hira tana zubarwa. Na tsaya a bakin shinge ina kallo, na ce a raina, kai Pavel, ka riƙa kurɓa da dabara, wannan ba zai kai ka ba.

Tun ranar abinci bai yi mini daɗi ba. Ni ba ɗa ba jika, mijina Tudose ya rasu ya bar ni tun tuni. Kakanki da babana ciki ɗaya suka fito, kuma duk dangin nan ke kaɗai kika rage mai tuna inda ƙofata take. Da mahaifiyarki ta rasu aka kawo ki wurina, ni da ke muka ɗauki ruwanta, ke da ɗan ƙaramin bokitinki. Ranar ƙarshe kika ce, “Goggo, naki ni zan ɗauka, cike fal.” Ba wai na ɗaure kaya ba ne, Pavel ne kawai ya tuna mini.

Sai magana ta biyu. Nelu direba mai kai mana saƙo ya ce ya daina ganinki a cocinmu na Torino, kuma da kika zo karɓar cuku ya ga kunnenki babu 'yan kunnen mahaifiyarki. In matsi ne ya sa kika sayar, faɗa mini, ba abin kunya ba ne. In kuma namiji ne, shi ma faɗa mini. Gara in ji daga bakinki da in ji daga bakin Nelu, wanda bakinsa ya fi motarsa gudu.

Ga cuku da garin masara nan. Ki riƙa cin abinci.

Goggonki,
Gherghina

Torino, Disamba 2002

Goggona,

Na sumbaci hannunki. Salamar Ubangiji ta kasance tare da ke. Saƙo ya iso, na tuƙa tuwo a daren, har tsohuwar da nake kula da ita ta ci ta nemi ƙari. Ina lafiya. Ki riƙa ɗaure gwiwar da ulu.

'Yan kunne suna nan a ƙulle cikin hankici, kuma babu wani namiji. Abin ya fi haka girma, na daɗe ina neman ta inda zan fara.

Ban taɓa gaya miki yadda zaman nan yake ba. Ita tsohuwar, Uwargida Adele, ta haura tamanin, hankalinta ya gushe, da sunan ƙanwarta da ta mutu take kirana. Sati guda cur ina cikin gidan nan, babu wanda ke cewa Rodica. Lahadi da rana kawai nake fita. In je cocinmu, ga mutane maƙil, kowa na tambayar aiki da ɗakin haya a bakin ƙofa. In kunna kyandir, in sumbaci hoton tsarkaka, in fito kamar yadda na shiga. Har na kai ina tsayawa a kan gada ina kallon ruwa fiye da kima, Goggo, kin dai gane.

Wata Lahadi ina zaune a benci ina cin busasshen burodi, sai wata mata ta zauna kusa da ni ta ce da harshenmu, “Ke 'yar gida ce, daga takalminki na gane.” Sunanta Lidia, daga arewa take, goge-goge take yi a ofisoshi. Ta ja ni wani ɗaki a saman garejin gyaran mota inda 'yan ƙasarmu ke taruwa. Babu hoto, babu turare, kujerun roba ne kawai. Suka tambayi sunana, suka durƙusa suka yi addu'a suna faɗinsa ɗaya bayan ɗaya, suna magana da Yesu kamar yana zaune a kujerar gefe. Na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka binne mama.

Goggo, na tuba. A watan jiya aka yi mini baftisma. Na san abin da ake kiranmu a gida, tubabbu, na san yadda ake taɓe baki in an faɗa, ni ma na sha taɓewa. Amma Rodica da kika sani ta mutu a cikin ruwan nan, wata ce ta fito, kuma wannan ba ta tsayawa a kan gada.

Maganar ruwa kuwa, ba zan yi miki ƙarya ba. Matattu ba sa jin ƙishirwa, Goggo. Wanda ya tafi ya tafi da abin da ya sha tun yana da rai. Ba zan iya ɗaukar bokiti in yi abin da na daina gaskatawa ba. Akwai ruwan da ya fi na rijiyarmu, shi nake so ki sha tun yanzu. Na ba Nelu Littafi Mai Tsarki mai manyan baƙaƙe ya kawo miki, saboda idonki.

Ina yi miki addu'a kullum.

Taki,
Rodica

Rovina, Janairu 2003

Rodica,

Takardarki ta zo, littafinki ya zo. Lafiyata ba damuwarki ba ce, don haka ba zan ɓata tawada ba.

Tubabba! Yo daga me kika tuba, ke da ko kaza ba ki iya yankawa? Baftismar da aka yi miki kina jaririya fa, wasan yara muka yi? Ni na riƙe ki a gaban Fada, kika tsula mini fitsari a rigar da na ɗinka don ranar, ban ce uffan ba. Yanzu wasu masu kujerun roba a saman gareji sun gano cewa ba ta karɓu ba. To madalla. Ashe iyayenmu da kakanninmu duk a duhu suka mutu, sai da kika je Italiya rana ta fito.

Kin ce matattu ba sa jin ƙishirwa. Kin je kin dawo ne? Mahaifiyarki fa, da muka yi ta jigilar ruwanta cikin ƙanƙara har hannunki ya tsage, shi ma shirme muka yi? Ki faɗa mata da bakinki, ni ba zan faɗa ba.

Na karanta wurin nan har na gaji: “Ba zan iya ɗaukar bokiti ba.” Na gane. Abu ɗaya na taɓa roƙon ɗan Adam a duniya, kuma an ba ni amsa. Ba zan sake roƙo ba. Wanda ya dogara da tuwon maƙwabci da yunwa yake kwana, zan san yadda na yi da kaina.

Littafin na naɗe shi a tawul na ɗora a kan kabad. Ban ƙona ba, ni ba arniya ba ce.

Tun da kin ce Rodica ta mutu, to ba a rubuta wa matattu takarda. Wannan ce ta ƙarshe.

Gherghina

Torino, Mayu 2003

Goggona,

Na sumbaci hannunki, ko da za ki janye shi. Wannan ce takarda ta uku tun bayan taki, ban sani ba ko kina buɗewa. Ina lafiya. Uwargida Adele ta daina tafiya, sai ɗauka, bayana ya fara ciwo. Nelu ya ce ya hango ki kina shuka albasa, ya gaishe ki kika ce masa ya kama gabansa. Na ji daɗi, tun da kina da ƙarfin faɗa.

Yanzu duk Lahadi ni da Lidia muna zuwa tashar da motocin gida ke sauke mutane. Mata ne ke saukowa da jaka ɗaya da lambar wayar da ba ta shiga. Mukan ba su shayi, mu nemo musu wurin kwana, wadda ta yarda mu yi addu'a tare. Lidia ta koya mini abu ɗaya: kada ki buɗe wa mace Littafi kafin ki ji abin da take tsoro. Da ta faɗi haka sai na tuna takardar da na rubuta miki. Kin gaya mini kina jin tsoro, ni kuma na miƙe na yi miki wa'azi. Sabon shiga ne ya ɗebe ni.

Ban canza abin da na gaskata ba, amma ban ce na yar da ke ba, kuma ban ce mama tana cikin duhu ba. Ki rubuto ko zagi ne. Gidan nan shiru, in tsohuwa ta yi barci sai ƙarar firiji.

Taki,
Rodica

Torino, ƙarshen Agusta 2003

Goggona,

Ban san wanda zai buɗe takardar nan ba. In ke ce, Inna Saveta, ina gaishe ki, ki karanta ki kai ta kabarin ki danne da dutse. Da Goggo nake magana. Ta ce ba a rubuta wa matattu, mu ma a wurinmu ba a magana da su, amma ba ni da wani da zan faɗa wa.

A farkon Yuli na je tasha, ban ga Nelu ba, wani direba ne da ban sani ba. Ya duba sunana ya miƙo mini leda. Na buɗe na ga sabon tawul, an ɗaure kyandir a bakinsa, da burodin sadaka mai zagaye. Na ce masa na wane ne? Ya ce shi dai an ce masa daga sadakar Gherghina ta Rovina. Na zazzage ledar ko akwai 'yar takarda, babu. Na buga wayar shagon ƙauye, ba ta shiga, ashe mai shagon ma ya tafi Sifen. Na sami wata mata 'yar ƙauyen gaba da ta sauko a motar, ta ce, “Ƙwarai an yi, na ji har rago aka yanka, an ba da gado da tebur da komai. Allah ya gafarta mata.” Na zauna a ƙasa a tsakiyar tasha.

Ba ni da takardun zama, in na fita ƙasar nan ba zan iya dawowa ba, kuma babu mai juya tsohuwa a kan gado. Ko da na zo ma me zan tarar? Kin tafi da fushina, kuma abin da kika karanta na ƙarshe da ya shiga ranki shi ne ba zan ɗauki bokiti ba.

Goggo, na ɗauka.

Ba rijiya a nan, sai famfon titi a bakin dandali, mai ruwan sanyi. Na sayi jarka biyu. Bana an yi zafin da tsofaffin garin nan suka ce ba su taɓa gani ba, kullum motar asibiti na kuka a layinmu. Benen da muke ciki babu lif, kuma duk tsofaffi ne su kaɗai, 'ya'yansu sun tafi bakin teku. Ruwan famfonsu kamar an dafa shi yake fitowa. Kowace safiya, kafin Uwargida Adele ta farka, sai in ɗebo in bi ƙofa ƙofa. Da farko ta ramin ƙofa suke leƙena, sun ɗauka ɓarauniya ce. Wani tsoho a hawa na sama ya ce, “Nawa ne?” Na ce kyauta ne. Ya ce, “Don me?” Na ce don Gherghina. Ya kasa faɗin sunan, ya yi ta gwadawa har muka yi dariya, sannan ya sha kofi biyu a tsaye. Wata kuma na same ta kwance a ƙasa ba ta iya tashi, da ban ƙwanƙwasa ba Allah kaɗai ya san yadda za ta ƙare.

Na ɓoye wa 'yan'uwanmu na taron addu'a, ina jin kunya, kamar na koma baya. Amma Lidia ta ga kafaɗata ta saluɓe ta tsare ni. Na faɗa mata komai, ina jiran faɗa. Sai ta ce, “Kin gaskata yana isa wurinta?” Na ce a'a. Ta ce, “To don me?” Na ce na yi alkawari ne, kuma ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Ta ce, “Ni dai ban ga inda Ubangiji ya hana a ba mai ƙishirwa ruwa ba. Kawo ɗaya jarkar.” Duk ranar hutunta tare muke hawa.

Na cika arba'in ɗin, ban tsallake ko ɗaya ba, kuma cike fal. Kyandir da ake sakawa a kogi ranar ƙarshe ne kawai ban iya ba. Na je bakin ruwa na tsaya na ce, Yesu, ka san Goggona, mai faɗa ce amma ba ta taɓa korar kowa daga ƙofarta ba, ka riƙe ta. Har yanzu ban yarda kina jin ƙishirwa ba. Ni ce nake ji.

Yanzu ba ni da kowa a ƙasarmu.

Taki,
Rodica

Rovina, Satumba 2003

Ke Rodica, sakarya,

Allah ya taimaka. Ina nan da raina, da gwiwata, da akuyata. Ki sha ruwa ki zauna kafin ki ci gaba.

Mai kawo wasiƙa a hannuna ya sa takardarki. Na zauna a dakali na karanta ta'aziyyata da idona, na yi dariya har Saveta ta leƙo, sannan na shiga ɗaki na rufe ƙofa, abin da na yi a ciki ba ruwanki.

Sadakar mai rai na yi! Kin manta ana yi? Gaskiya kina ƙarama lokacin da aka yi ta ƙarshe a garin nan. Wanda ba shi da mai yi masa bayan ransa sai ya yi abinsa tun yana numfashi. Na yanka rago, na dafa alkama da zuma, Fada ya zo ya yi addu'a, ni kuma ina zaune a kan tebur ina kallon mutane suna cin sadakata. Duk abin da mutum yake so ya tarar a can sai ya bayar a nan, don haka na ba Saveta gadona da katifa, da tebur, da kujera, da kwanuka, da rigar zuwa coci. Yanzu a benci nake kwana, ita kuma ja'irar tana kan gadona tana ƙorafin wai ya cika tauri.

Tawul ɗin da gangan na aiko babu takarda, don ki ga na yi abina ba tare da ke ba, ya ɗan soke ki. Na san Nelu zai ba ki labari har da ƙari. Ina zan san an kwantar da shi asibiti an sa wani kurma a motar? Na zauna ina jiran amsa, ko kuka ko wa'azi. Yuli ya wuce shiru, Agusta ya wuce shiru. Takardunki na baya duk na karanta su, ƙin amsawa kawai na yi, amma da kika yi ɗif sai na ce shi ke nan, yarinyar nan ta ga tawul ɗin sadakata ta jefa a shara. Ban taɓa ganin bazara mai tsawon wannan ba.

Ruwa ne kaɗai ba a ɗaukar wa mai rai, shi ya sa ya rage mini. Na kai wa Fada Ilarie takardarki na ce, “Fada, ga tubabba ta ɗaukar mini ruwa a Italiya, a jarka, daga famfo, ina raye. Ya karɓu ko bai karɓu ba?” Ya karanta ya yi ta jan gemu. Ya ce, “Gherghina, a makaranta ba a koya mana wannan ba.” Na ce ba makaranta na tambaya ba. Ya ce, “Mutanen sun sha?” Na ce sun sha. Ya ce, “To je ki gida, ki bar ni da ciwon kaina.”

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki biro, kuma kada ki kuskura ki gaya wa Lidiyarki. Na ɗauka in na gama sadakar nan tsoro zai sake ni. Gado yana can yana jirana, tebur yana can, yanzu ga ruwa ma an kai. Amma tsoron yana nan inda yake, a ƙarƙashin haƙarƙari. Tun da aka yi sadakar mutane ke gaishe ni kamar mai jiran mota, babu mai tambayata shekara mai zuwa me zan shuka. Na duba ɗakin nan fayau, na ga na shirya komai na tafiya amma ban san wanda zan je wurinsa ba. Shekara saba'in da wani abu ina kunna wa Allah fitila, ina azumi, ina sumbatar hoto, ban taɓa ce masa ko sannu da bakina ba, sai abin da aka haddace mini.

Kin ce kuna magana da shi kamar yana zaune a kujerar gefe. Ba zan shiga garejinku ba, a cocin da aka haife ni zan mutu, ki san da wannan. Tambaya kawai nake yi. Yaya ake farawa?

Ki shafa man alade a kafaɗar.

Goggonki mai rai,
Gherghina

Torino, Oktoba 2003

Goggo! Goggona!

Na sumbaci hannunki duka biyu. A kan matakala na buɗe takardar, da na ga rubutunki na ƙwala ihu har tsohon hawa na sama ya fito da sanda. Na ce masa Gherghina ba ta mutu ba. Ya ce, “To ruwan fa, an daina ke nan?” Na ce ba a daina ba. Ina lafiya, kafaɗa ta warke. Amma Goggo, benci a wannan sanyin? Ki karɓo ko katifa ce aro, Allah ba zai rage miki a can ba.

Ba zan yi miki wa'azi ba, na yi sau ɗaya na ga abin da ya haifar. Ba na neman ki bar cocinki. Tambayarki kuwa, ni ma ba gwana ba ce, ga dai abin da na sani. Ki zauna inda kika saba zama, ki faɗa masa abin da ke ranki da irin maganar da kike yi mini. In faɗa ne ya zo, yi masa faɗa, a cikin Zabura mutane sun yi masa wanda ya fi naki. Ya riga ya san sunanki, ba sai kin gabatar da kanki ba.

Kuma kada in ruɗe ki, ba kullum nake jin wani abu ba. Akwai makonnin da nake durƙusawa in tashi, ba abin da ke amsa mini sai firiji. Duk da haka ina komawa.

An ce takardun zamana za su fito bayan hunturu. Ranar da suka shigo hannuna zan nemi wadda za ta riƙe mini tsohuwa, in hau motar Nelu. Ki jira ni, kuma ki shuka albasa da yawa.

Taki,
Rodica

Rovina, Disamba 2003

Rodica 'yata,

Allah ya taimaka. Ƙanƙara ta rufe hanya, ban san ranar da takardar nan za ta fita ba. Tari ya kama ni tun farkon wata, yana sauka ƙirji, Saveta na dafa mini ganye mai ɗaci tana tsaye a kaina sai na shanye. Katifar ba zan karɓo ba, abin da aka bayar an bayar. Na shimfiɗa fatun tumaki, sun ishe ni. Maganar bayan hunturu kuwa, ki zo in Allah ya nufa, amma kada ki bar tsohuwar mutane a hannun banza saboda ni.

Na gwada abin naki. Da safe bayan na tatsi akuya na zauna a bakin murhu, na juya guga na ajiye a gefe tun da kujera tana gidan Saveta. Na buɗe baki na ce, “Allah ya taimaka,” sai na tuna da wanda nake gaisarwa, kunya ta kama ni kamar amarya. Ranar a nan na tsaya.

Washegari na ba shi labarin kofaton akuya da ya kumbura. Na kai masa ƙarar Saveta. Na yi masa maganarki, na ce ya duba bayanki da takardunki. Da bakina ya saba sai na tambaye shi abin da ban taɓa tambayar kowa ba, ko Tudose. Na ce, matan layin nan kowacce ka ba ta 'ya'ya huɗu, biyar, ga su nan sun watse sun bar gidaje da kwaɗo, ni ɗaya tak na roƙa, me na yi maka? Na faɗa da ƙarfi, har kare ya tashi ya fita. Na ce masa kuma ina jin tsoro, kuma ba na son in mutu ni kaɗai a ɗakin nan kafin hanya ta buɗe.

Bai amsa ba. Na kasa kunne sosai, itace ne kawai ke ƙara a wuta. Yau sati na uku ke nan, ko tari bai yi ba.

Da a bara ne da na ce ya yar da ni, na naɗe shi na ɗora a kan kabad kamar littafinki. Amma ke ma haka kika yi mini ɗif duk tsawon bazara, ina nan ina cewa kin manta da ni, ashe kina can kina hawa bene da jarka biyu kina faɗa wa baƙi sunana. Don haka ban yanke masa hukunci ba tukuna. Gobe in na gama tatsa zan sake juya masa gugan.

Goggonki,
Gherghina